Dogon hutu da jadawalin karatu a Kebbi: tambayoyin da iyaye suka fi yi mini

Duk ƙarshen Yuli, da zarar yara sun dawo gida da takardar sakamako, tambayoyin iyaye kusan iri ɗaya ne, ko a bakin masallaci, ko a teburin mai shayi, ko a taron iyaye da malamai. Na yi shekaru masu dama ina riƙe da alli a makarantun gwamnati na jihar nan, firamare da ƙaramar sakandare, har na riƙe rajista. Na tattara tambayoyin yadda aka yi mini su. Inda nake da ra'ayi na faɗa, ban ɓoye ba.

Malam, wai wa ke yanke ranar buɗewa da rufewa? Abuja ko Birnin Kebbi?

Birnin Kebbi. Ilimi na cikin abubuwan da gwamnatin tarayya da jihohi kowa ke da hannu a ciki, don haka kowace jiha ke tsara jadawalin makarantunta. Ma'aikatar ilimi ta jiha ke fitar da shi, ya bi ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, zuwa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi 21, su kuma su miƙa wa hedimastoci. Shi ya sa za ka ga Sakkwato ta koma, mu ba mu koma ba, ko Zamfara ta riga mu rufewa da mako guda.

Kwalejojin tarayya ne ba su bin wannan. Ta Birnin Yauri, ta 'yan mata da ke Gwandu, da ta kimiyya da fasaha da ke Zuru, duk ma'aikatar ilimi ta tarayya suke saurare. Idan kana da yaro a can da wani a makarantar jiha, kada ka yi mamaki ɗaya yana haɗa akwati ɗaya yana barci.

To yaya shekarar take a tsare, kuma dogon hutun mako nawa ne?

Zango uku ne. Na farko daga Satumba zuwa tsakiyar Disamba, na biyu daga Janairu zuwa wajen Maris ko Afrilu, na uku daga nan zuwa Yuli. Kowane zango yakan kai mako goma sha biyu zuwa sha huɗu, da ɗan hutun kwanaki a tsakiyarsa. Tsakanin zango da zango akan huta mako biyu ko uku. Dogon hutu shi ne wanda ke biyo bayan zango na uku, lokacin da yaro ke canza aji, kuma yawanci mako shida zuwa takwas ne: ƙarshen Yuli, Agusta gaba ɗaya, da farkon Satumba.

Na ce yawanci, domin azumi, zaɓe, ko rufe makarantu na dole sukan tura ranakun gaba ko baya.

Na ji a rediyo ana cewa "hutun bazara". Ai a tsakiyar damina ake yinsa.

Gaskiyarki, Hajiya. Masu fassara labaran ƙetare ne suka kawo wannan suna. A Ingila da Amurka watannin Yuni zuwa Agusta su ne na zafi, sai aka nemo kalmar da ta fi kusa a Hausa aka ce bazara. Mu kuwa bazararmu Maris zuwa Mayu ce, lokacin da kwalta ke narkewa a hanyar Jega. Agusta a wurinmu marka ce, sama a lulluɓe, gero ya fitar da kai, fadama ta cika. Sunan da kowa ya sani a nan shi ne dogon hutu, kuma ya wadatar.

Ba don yara su taya iyayensu noma aka sa shi a damina ba?

Wannan ita ce amsar da kowa ke bayarwa, har da malamai, amma duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya san ba ta zauna daidai ba. Mu bi aikin gona daki-daki. A kudancin jiha, wajen Zuru da Yauri, ruwa yakan sauka tun Mayu. A arewa, wajen Argungu da Arewa da Gwandu, sai Yuni. Shuka ke nan. Noman fari, wanda ya fi kowane aiki cin hannu, yana faɗowa Yuni zuwa Yuli, maimai ya biyo baya. Duk wannan ana cikin zango na uku, daidai lokacin da ake shirin jarrabawar canjin aji. Kafin a ba da hutu, mafi wuyar aikin ya wuce. A cikin hutun abin da ya rage shi ne sauran maimai, zuba taki, korar tsuntsu, sai girbin gero a ƙarshensa. Da an koma makaranta a Satumba kuma sai kaka ta kama: wake, gyaɗa, shinkafa, dawa, har zuwa Disamba. Ga kuma noman rani, shinkafar fadama a Argungu da Suru da Bagudo, da albasar Aliero, wanda ke cin zango na biyu.

Rajistata ta ƙauye ita ce shaida. Watan da aji ke yin fayau ba Agusta ba ne, tunda ba a karatu. Ƙarshen Yuni ne da Nuwamba. Uba ba ya zuwa neman izini, yaro kawai za a nema a rasa, bayan kwana goma ya dawo da kanta a tafin hannu.

Jadawalin nan gadonsa muka yi. Dattawan da suka yi makaranta kafin 1973 suna tuna lokacin da shekarar karatu ke farawa a Janairu ta ƙare a Disamba. A wannan shekarar aka juya ta zuwa Satumba, ta yi daidai da ta jami'o'i da ta ƙasashen Turai. Ko a Amurka ma, inda ake yawan cewa noma ne ya haifi dogon hutunsu, masana tarihi sun nuna ba haka ba ne. Makarantun karkararsu a ƙarni na 19 suna karatu a watannin zafi da na sanyi, su rufe lokacin shuka da girbi. Birane ne, inda zafi ke korar masu hali daga gari, suka ja hutun zuwa inda yake yanzu, sannan aka daidaita kowa a kai.

In haka ne me ya hana a mayar da shi Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke gasa yara?

Ni ma na sha yi wa kaina wannan tambaya, a tsaye gaban allo da ƙarfe ɗaya na rana, aji mai rufin kwano ba silin, zafi ya haura 40, rabin yara na gyangyaɗi, rabi na neman izinin shan ruwa. Kuma lokacin ne na sanƙarau. A Maris na 2025 ta ɓulla a Gwandu da Jega da Aliero.

Abin da ya ɗaure mu shi ne jarrabawar ƙasa. JAMB tana zuwa wajen Afrilu zuwa Mayu. WAEC tana cin Mayu da Yuni, kuma ba ta Najeriya kaɗai ba ce, da Gana da Saliyo da Gambiya da Laberiya ake haɗuwa a hukumar. NECO ta biyo baya a Yuni da Yuli. Jarrabawar kammala aji uku na ƙaramar sakandare da ta shiga kwalejojin tarayya duk a wannan tsakanin suke. Jihar da ta rufe makarantunta wata biyu a bazara ta tura 'ya'yanta ɗakin jarrabawa kai tsaye daga gida, alhali na Legas da Inugu daga aji suka fito. Ba kwamishinan da zai yarda ya ɗauki wannan nauyi.

Abin da nake ganin yana hannun jiha shi ne sa'o'i. A Afrilu da Mayu a shiga da ƙarfe bakwai, a tashi kafin sha biyu da rabi, a ajiye lissafi da Turanci a darussan farko. A ƙara mako guda a hutun Afrilu na 'yan firamare, a cire shi daga na Agusta. Wannan ba ya taɓa WAEC ko kaɗan.

Hutun azumi fa? Ya halatta a rufe makaranta wata guda saboda Ramadan?

A nan aka fi zafin kai, don haka bari in bi a hankali. A 2025 jihohin Kebbi, Kano, Katsina da Bauchi sun rufe makarantu daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu, azumi da ƙaramar Sallah suka faɗa ciki. Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi suka, ta ce an tauye yara, Musulmi da Kirista, a yankin da ya riga ya yi baya a karatu. Gwamnatocin suka ce ba sabon hutu suka ƙirƙiro ba, hutun ƙarshen zango na biyu ne aka jawo ya haɗu da azumi.

Kowa yana da abin da ya riƙe. Wanda ya koyar da yaro mai azumi a Maris ya san bayan sha ɗaya ba abin da ke shiga, malamin ma da kansa muryarsa ta dushe. A makarantun kwana kuma ga sahur da buɗa-baki na ɗaruruwan yara. A ɗaya gefen, uba a Zuru ko Danko-Wasagu wanda 'ya'yansa ba su azumi yana da haƙƙin ya tambayi me ya sa za su zauna gida mako biyar, kuma ɗan aji shida da WAEC ke gabansa, ko wane addini yake, ya yi asarar lokacin da ya fi bukata.

Abin da mutane ke mantawa shi ne wata na tafiya. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana goma sha ɗaya, don haka azumi yana jawowa baya kowace shekara, sai ya yi kusan shekara 33 kafin ya zagayo inda ya taso. A 2010 da 2011 a cikin Agusta ya faɗo, tsakiyar dogon hutu, ba wanda ya ɗaga murya. A 2025 ya zo a Maris, dab da hutun zango na biyu, jan hutun bai yi wuya ba. Nan da 2030 zai kasance a Janairu, farkon zango, makonni kaɗan bayan hutun Disamba. A lokacin ba hutun da za a jawo. Ko dai a yi karatu da azumi a rage sa'o'i, ko a yanka zangon gida biyu. Gara a fara wannan shawara tun yanzu, da malamai da limamai da fastoci a zaune.

Ni tambayar da nake yi wa kowane jadawali ɗaya ce: makonnin da aka ɗauka a nan, an mayar da su a can? Idan an rufe mako biyar a Maris aka kuma gajarta dogon hutu, ba a ci yaro ba. Idan an ci na Maris aka sake cin na Agusta cikakke, to an ci shi, ko da wane suna aka kira hutun.

Makarantar kuɗi da 'yata ke zuwa ba ta rufe tare da na gwamnati ba. Laifi ne?

A ƙa'ida jadawalin jiha ya hau kan duk makarantar da jiha ta yi wa rajista. A aikace wasu na ƙara mako ko su rage. Ƙarin mako na karatu ba abin damuwa ba ne. Abin da za ki duba shi ne makarantar da ke gajarta zango amma kuɗinta na zango bai ragu ba.

Mako shida ba karatu, yaro ba zai mance komai ba? In sa shi lesin?

Yana mancewa, musamman lissafi. Yaron da ya bar ni a Yuli yana raba lamba uku da lamba ɗaya, a Satumba sai mun koma ninkawa. Karatun rubutu ya fi jurewa ga wanda ya riga ya iya haɗa baƙi, amma ɗan aji ɗaya da biyu da bai gama kamawa ba yakan dawo kamar ba a taɓa fara masa ba. Ba sabon abu ba ne a wurinmu: kowane alaramma ya san abin da ke samun hadda idan aka bar tishi.

Lesin kuwa iri biyu ne. Akwai wanda malami ke zama da yara goma yana bin inda kowa ya yi rauni. Akwai kuma wanda ake tara yara hamsin a aji ɗaya a fara musu manhajar ajin gaba, don a Satumba a ce sun yi nisa. Na biyun kuɗin banza ne, kuma yana cutar da yaran da iyayensu ba su biya ba, tunda malami zai ɗauka an riga an wuce wurin. Idan ba hali, rabin sa'a kullum ta isa. Tsohon littafinsa na lissafi, tambaya biyar bayan sallar asuba ko bayan an dawo daga gona. Ki aike shi kasuwa ki sa ya rubuta abin da ya sayo da canjin da ya rage. Yayarsa ta aji biyar za ta iya duba masa.

Kuma kada a raina abin da hutu ke koyarwa. Yaron da ya yi mako shida a shagon ɗinki, ko wurin mai gyaran waya, ko a kwalekwale tare da kawunsa a Yauri, bai yi zaman banza ba.

To kai a ganinka dogon hutun ya yi tsawo?

A'a. Mako shida zuwa takwas ba wani abu ba ne. Ingila na yin kusan shida, Faransa kusan takwas, Amurka goma ko fiye, Italiya kusan wata uku. Abin da ke cinye karatun 'ya'yanmu hutun da ba a rubuta a jadawali ba ne.

Ga lissafin da nake yi wa iyaye a allo. Zango uku, kowane mako 13, mako 39 ke nan, kwana 195. A takarda mun kai Ingila, inda yara ke yin kwana 190, mun wuce yawancin jihohin Amurka masu kwana 180. Yanzu a fara cirewa. Makon farko na kowane zango shara ce da yankan ciyawa da jiran waɗanda ba su dawo ba. Kowa ya san "ba a fara karatu ba tukuna", don haka uba ba ya turo yaro, malami kuma ba ya fara darasi tunda yara ba su cika ba, kowa na jiran kowa. Mako uku sun tafi. Bita da jarrabawa, mako biyu a kowane zango, shida. Makon da ke bayan jarrabawa malamai na maki da cika takardun sakamako, yara na ƙwallo, wasu uku. Daga 39 saura 27, kuma ba mu taɓa hutun tsakiyar zango ba, ba mu cire Sallah biyu da Maulidi da Ista da ranar 1 ga Oktoba da 1 ga Mayu da 12 ga Yuni ba. Juma'a rabin yini ce. A garin da ke da babbar kasuwa, ranar kasuwa ma kusan haka take.

Ban cire kaina ba. Na sha shiga aji a makon farko in ga yara goma sha biyu, in ce su share fili. Da na koyar da goma sha biyun nan, da labari ya kai gida cewa an fara, da washegari sun zama talatin. Shekarar da muka gwada yin ƙaramin gwaji ranar Larabar makon farko, muka ce makinsa zai shiga sakamakon zango, ajin ya cika tun Talata.

Idan aka rufe makarantu saboda tsaro, ana rama kwanakin?

Ba kasafai ake rama su duka ba. Mun gani a 2020, lokacin korona, aka rufe daga Maris har wajen Oktoba, WAEC ta koma Agusta, aka yi ta matse zanguna kafin jadawali ya dawo daidai. Mun gani a 2021, bayan sace 'yan matan Jangebe a Zamfara a Fabrairu da ɗaliban kwalejin tarayya ta Birnin Yauri a Yuni. Mun sake gani a Nuwamba 2025 bayan harin makarantar 'yan mata ta Maga, inda aka kashe mataimakin shugaban makarantar, aka kuma rufe makarantu na wani lokaci. Ba mai hankalin da zai ce a bar yara a inda ransu ke cikin haɗari.

Yadda ake ramawa shi ne a rage hutun da ke gaba, ko a haɗe abin da ya rage na zango da na gaba. Na biyun a takarda kawai yake aiki: malami zai ruga da manhaja, ya rubuta an gama. Abin da ba ya ramuwa shi ne yaran da ba su dawowa. Duk doguwar rufewa, idan aka buɗe, sai an nemi wasu 'yan mata a rasa, an yi musu aure, wasu samari kuma sun tafi ci-rani. Idan irin haka ta faru, dogon hutu shi ne wurin da ya kamata a fara yanka, kuma iyaye su yarda.

Makarantar allo da Islamiyya su ma suna bin wannan jadawali?

Ta allo tana da nata tun kafin zuwan boko. Hutunta na mako daga yammacin Laraba ne zuwa Juma'a, manyan hutunta kuma na Sallah ne da Maulidi, kuma a karkara karatu kan sassauta da damina don aikin gona, ya yi ƙarfi da rani. In ka duba da kyau ita ce ta fi dacewa da manomi. Islamiyyu sun rabu: masu haɗa boko da addini suna bin jadawalin jiha, na yamma da na ƙarshen mako suna bin watan Musulunci, da yawa kuma sukan ƙara zaman safe a dogon hutu. Ba laifi, sai dai a bar wa yaro lokacin wasa. Wanda aka cika wa Agusta da safe da yamma da dare yakan dawo mana a gajiye.

Muna Kamba, 'yan'uwanmu na Gaya ta Nijar suna hutu har Oktoba. Me ya sa?

Lakwal, wato makarantar boko ta Nijar, tsarin Faransa ta gada. Suna rufewa wajen ƙarshen Yuni, yawanci su koma farkon Oktoba, kusan wata uku. Ko ba da niyya ba, nasu ya fi namu rufe damina, tunda noman fari da maimai da girbin gero duk suna faɗawa ciki. Wanda zai mayar da yaro daga can zuwa nan ya lura: in ya jira Oktoba, mu mun yi mako uku ko huɗu da farawa.

Kowace shekara sai an yaɗa a WhatsApp cewa an ɗage komawa. Yaya zan gane gaskiya?

Sanarwar gaske daga ma'aikatar ilimi take fitowa, da sa hannu da kwanan wata, kuma za ka ji ta a gidan rediyon jiha. Takardar da ke yawo ba kwanan wata, ko aka yanke kanta, sau da yawa ta bara ce ko ta wata jiha. Ranar komawa tana rubuce a ƙasan takardar sakamakon yaro. Idan an canza, hedimasta ne zai fara sani, kira ɗaya ya isa.

Ɗinkin yunifom kuma a kai wa tela tun tsakiyar Agusta. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma a makon ƙarshe kowane tela a Birnin Kebbi alkawari yake yi wa mutum ashirin. Ga 'yan makarantar kwana da ke ƙetare gulbi ko bin hanyar fadama, a tuna farkon Satumba ruwa yana kan ganiyarsa, kamar yadda ambaliyar 2020 ta yanke hanyoyi da gadoji a jihar nan. A tambayi direbobin tasha halin hanya kwana biyu kafin tafiya, a kuma kama hanya da safe.